William Baikie: Likitan da ya ratsa Kogin Kwara da kwinin, da abin da ya sami maganin zazzaɓi a bayansa

Daga tsakiyar damina zuwa farkon kaka, babu hajar da ta kai maganin zazzaɓi tafiya a shagunan kemis na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ruwa ya kwanta a fadamu da kududdufai, sauro ya yawaita, da wuya a shiga gida ba a tarar da mai rawar ɗari ba. Dattawan yankin ba su manta da zamanin kulorokwin ba, ƙwayar nan mai ɗaci da sa ƙaiƙayi, wadda take tayar da majinyaci cikin kwana uku. Ba su kuma manta da yadda ta riƙa yin sanyi sannu a hankali ba, har aka wayi gari ana shan ta zazzaɓi bai sauka ba.

Mai son ya fahimci yadda magani yake rasa ƙarfinsa, zai amfana da sanin yadda aka fara gane ƙarfin nasa a wannan ƙasa. Labarin yana komawa ga wani likita ɗan Sikotland, William Balfour Baikie, wanda ya zauna a Lakwaja, ya iya Hausa, ya taka har Zariya da Kano, ya kuma rasu yana da shekara 39.

Ɗan tsibiri

An haifi Baikie a ranar 27 ga Agusta, 1825, a garin Kirkwall da ke tsibiran Orkney, can arewacin Sikotland, ƙasar sanyi da iska wadda ba ta san zazzaɓin cizon sauro ba. Mahaifinsa, John Baikie, hafsa ne a rundunar sojan ruwan Birtaniya. Yaron ya tashi da sha'awar tsuntsaye da tsirrai da halittun ruwa, sannan ya tafi Jami'ar Edinburgh ya karanta likitanci. A 1848 ya shiga aikin sojan ruwa a matsayin mataimakin likita. Bayan ya yi aiki a jirage daban-daban, aka tura shi asibitin sojan ruwa na Haslar a 1851.

A can ne sunansa ya kai kunnen Sir Roderick Murchison, jigo a ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan. Da aka tashi shirya wata sabuwar tafiya zuwa Kogin Kwara a 1854, Murchison ya tsaya masa aka ɗauke shi likitan ayari, kuma mai tattara bayanan tsirrai da dabbobi. A wancan lokaci, aiki ne da ba kowa yake marmarinsa ba.

Kogin da yake cinye baƙi

Kafin Baikie, ƙasashen da Kwara ya ratsa sun zama maƙabartar Turawa. Dokta Oudney ya rasu kusa da Katagum a 1824. Abokin tafiyarsa Clapperton ya rasu a Sakkwato a 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello. Bayan Richard Lander da ƙanensa sun bi kogin daga Busa har teku a 1830, wani attajiri mai suna Macgregor Laird ya shigo da jirage biyu masu tururi a 1832. Ɗaya sunansa Quorra, wato Kwara, ɗayan kuma Alburkah, daga kalmar albarka. Albarkar ba ta samu ba: cikin Turawa 48, tara ne kawai suka tsira. A 1841 gwamnatin Birtaniya da kanta ta turo jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan. Cikin 'yan watanni zazzaɓi ya kwantar da mafi yawan Turawan ciki, fiye da 40 suka mutu, aka juya ba shiri.

Babu wanda ya san sanadin ciwon. Likitocin zamanin sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce da take tasowa daga fadama. Maganinsu kuwa sau da yawa ya fi ciwon illa: su tsaga jijiya su zubar da jinin majinyaci, su ɗura masa haɗin da aka yi da zaiba. Alhali kuwa maganin gaskiya yana hannunsu. Tun ƙarni na 17 aka san ɓawon itacen sinkona na duwatsun Andes a Kudancin Amurka yana sauke zazzaɓi, kuma a 1820 wasu masana harhaɗa magunguna biyu a Paris, Pelletier da Caventou, suka ciro sinadarin da yake aikin, wato kwinin. Matsalar ita ce ana ba da shi a makare, kaɗan-kaɗan, ba bisa wata ƙa'ida ba. Wani babban likitan sojan ruwa, Alexander Bryson, ya bi diddigin rahotannin jiragen da suke gaɓar Afirka ta Yamma, ya ba da shawarar a riƙa shan kwinin kullum tun kafin ciwo ya zo. Abin da ya rage shi ne wanda zai gwada wannan shawara a cikin kogin kansa.

Tafiyar kwana 118

Jirgin da Laird ya gina domin tafiyar 1854 sunansa Pleiad. An tsara John Beecroft, jakadan Birtaniya a tsibirin Fernando Po, shi zai jagoranci ayarin, amma ko da jirgin ya iso, Beecroft ya riga ya rasu. Baikie, wanda bai cika shekara 29 ba kuma bai taɓa shiga kogin ba, ya karɓi ragama. Tare da shi akwai Turawa goma sha ɗaya da 'yan Afirka fiye da 50, cikinsu har da Samuel Ajayi Crowther, wanda daga baya ya zama bishop. Aikin da aka ɗora musu biyu ne: su gano iyakar inda jirgi zai iya kaiwa a Kogin Binuwai, su kuma nemo labarin Heinrich Barth, Bajamushen nan da aka sani a ƙasar Hausa da suna Abdulkarim, wanda ya ƙetare Binuwai kusa da Yola a 1851.

Sun shiga kogin a watan Yuli, da tsakiyar damina, lokacin da zazzaɓi ya fi tsanani. Baikie ya kafa doka: kowane Bature zai sha kwinin kowace rana, da lafiyarsa ko babu, kuma zai ci gaba da sha na wasu kwanaki bayan an fito daga kogin. Bai bar wa kowa zaɓi ba. Suka wuce mahaɗar Kwara da Binuwai, suka nausa gabas har ƙasar Muri, suka zarce inda Turawan baya suka tsaya da kimanin kilomita 400. Ba su sadu da Barth ba, domin a daidai lokacin yana kan hanyarsa ta dawowa daga Timbuktu, ta Sakkwato zuwa Kano. Da ruwa ya fara janyewa suka juyo, suka fita teku a farkon Nuwamba bayan kwana 118.

An yi 'yan kwance-kwance na zazzaɓi, amma ko mutum ɗaya bai mutu ba. Wannan ne ya girgiza Landan fiye da duk taswirar da suka zana. Baikie ya wallafa labarin tafiyar a 1856, kuma daga nan shan kwinin a matsayin rigakafi ya zama al'adar Turawan da suke zuwa Afirka ta Yamma. Abin mamaki shi ne ya yi nasara ne a kan abokin gabar da bai taɓa gani ba. Sai a 1880 Alphonse Laveran ya hango ƙwayar cutar a jinin wani soja a Aljeriya, sai kuma a 1897 Ronald Ross ya gano ta a cikin sauro a Indiya.

Daga Jabba zuwa Lakwaja

A 1857 Baikie ya dawo da jirgi mai suna Dayspring, da nufin ƙulla ciniki da masarautun da suke bakin kogi. A watan Oktoba jirgin ya daki dutse kusa da Jabba ya nutse. Mutanen sun tsira, amma suka yi kusan shekara guda a bukkoki a bakin ruwa kafin wani jirgi, Sunbeam, ya zo ɗaukarsu. Mafi yawan abokan tafiyarsa suka koma gida. Shi ya ƙi.

Ya zaɓi mahaɗar koguna biyu, ƙarƙashin Dutsen Patti, ya kafa mazaunin da ya zama Lakwaja, bisa yardar Etsu Masaba na Nufe, wanda ya hau karagar Bida a 1859. Nan ya zauna shekaru, sau da yawa ba tare da wani Bature kusa ba, kuma saƙon Landan da guzurinta ba sa zuwa sai jifa-jifa. Shi ne likitan gari, shi ne alƙali, shi ne malami, shi ne mai sasanta 'yan kasuwa. Ya ajiye kayan Turawa ya koma sa riga irin ta mutanen ƙasa. Ya fanshi bayi ya zaunar da su a matsayin 'ya'ya. Cikin shekara uku na farko, fatake fiye da 2,000 suka ziyarci kasuwar garin, cikinsu akwai Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Kakanda.

Ya gane tun da wuri cewa Hausa ita ce harshen fatauci a wannan sashe na Afirka, don haka ya duƙufa a kanta. Ya tattara kalmomi na harsuna kusan 50, ya kuma fassara wasu sassa na Littafi Mai Tsarki na Kirista zuwa Hausa. Sunansa ya zauna a bakin jama'a har ta kai ana danganta kalmar beke, wadda Ibo suke kiran Bature da ita, da sunan Baikie.

A 1862 ya yi tafiyarsa mafi nisa ta ƙasa. Ya tashi daga Bida, ya bi ta Zariya, ya shiga Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi. Abin da ya kai shi shi ne neman takardun Eduard Vogel, Bajamushen da aka kashe a Wadai a 1856. Ya rubuta abin da ya gani na hanyoyi da garuruwa da kasuwanni, aka buga bayanan a Landan bayan rasuwarsa.

Shekara bakwai a bakin kogi sun cinye ƙarfinsa. A 1864 ya samu izinin komawa gida ya ga danginsa. Ya yada zango a Freetown ta ƙasar Saliyo domin ya tsara takardunsa da tarin abubuwan da ya tattaro, sai ciwo mai zazzaɓi ya kama shi. Ya rasu a ranar 12 ga Disamba, 1864. A can aka binne shi, mutanen garinsu kuma suka gina masa abin tunawa a babbar majami'ar St Magnus da ke Kirkwall.

Ƙofar da kwinin ya buɗe

Ba za a yi wa tarihi adalci ba idan aka tsaya a yabo. Zazzaɓi ya daɗe yana zama katanga tsakanin Turawa da cikin ƙasar nan, kuma gwajin Baikie ne ya nuna inda za a fasa ta. John Glover, matashin hafsan da jirgi ya nutse da su tare a Jabba, shi ne daga baya ya kafa rundunar Hausawa masu ɗauke da makamai a Legas, wadda ake ɗauka a matsayin tushen sojan Najeriya. A Lakwajar da Baikie ya kafa ne Lugard ya ɗaga tutar Birtaniya a ranar 1 ga Janairu, 1900. A 1903 Kano da Sakkwato suka faɗi, Katsina ta miƙa wuya. Baikie ya zo ne da akwatin magani da littafin rubutu, amma waɗanda suka biyo sawunsa sun zo da kwinin a aljihu da bindiga a kafaɗa. Kuma na tsawon shekaru, maganin na baƙi ne da ma'aikatansu, ba na talakan da 'ya'yansa suke mutuwa kowace damina ba.

Yadda ƙwayar cuta take kuɓuce wa magani

Akwai wani abu kuma da Baikie ba shi da hanyar hangowa. A jikin majinyaci guda, ƙwayoyin cutar maleriya suna iya kai biliyoyi, suna ninka kansu duk bayan kwana biyu. Cikin wannan yawa, lokaci-lokaci akan samu wadda halittarta ta ɗan sauya bisa tsautsayi, har magani ba ya kama ta sosai. Idan aka sha magani cikakke, mai inganci, har ƙarshe, yawanci ita ma takan mutu. Idan kuwa aka sha rabi, ko aka sha jabu mai ƙarancin sinadari, sai masu rauni su mutu, mai taurin ta rage ita kaɗai a fili. Sauro ya ɗauke ta ya kai gidan maƙwabci. Ba mutum ne yake sabawa da magani ba, kamar yadda ake yawan faɗa. Ƙwayar cutar ce aka tace, aka bar mafi tauri.

An fara kawo rahoton kwinin ya gaza a Barazil a 1910, tsakanin leburorin manyan ayyuka da ake ba su shi a kai a kai. Sai dai kwinin ya yi ƙarko, har yau ana amfani da shi. Wanda ya faɗi warwas shi ne kulorokwin. Hans Andersag ne ya haɗa shi a kamfanin Bayer na Jamus a 1934, ya bazu bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ga arha ga aiki. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin kawar da maleriya a 1955, aka yi ta rabon sa, har a wasu ƙasashe aka gauraya shi da gishirin miya. Da haka jama'a da yawa suka riƙa yawo da ɗan kaɗan na maganin a jininsu, wanda bai isa kisa ba amma ya isa tacewa.

A ƙarshen shekarun 1950 aka ga ƙwayar da ba ta jin kulorokwin a wurare biyu masu nisa da juna: iyakar Tailan da Kambodiya, da kuma Kolombiya a Kudancin Amurka. A Kambodiya, yankin Pailin ne, inda ake haƙar duwatsu masu daraja. Baƙin leburori suna shigowa daji, zazzaɓi ya kama su, su sayi abin da suka samu su sha, su koma garuruwansu da cutar a jini. Daga can ta ratsa Asiya, ta ɓulla a Kenya da Tanzaniya a 1978, ta iso Najeriya a cikin shekarun 1980. Binciken ƙwayoyin halitta ya nuna daga baya cewa irin da ya mamaye Afirka zuriyar na Asiya ne. Dabararsa kuwa ita ce wata 'yar ƙofa a jikin tumbin ƙwayar cutar, wadda ta sauya har tana fitar da maganin waje kafin ya yi aiki. Fansidar, wanda aka koma wa, shi ma a yankin Tailan ya fara gazawa, ya bi hanya guda. Mace-macen yara ya ƙaru a sassa da yawa na Afirka kafin gwamnatoci su sauya, kuma sai a 2005 Najeriya ta koma ga haɗin magungunan da ake kira ACT.

Ginshiƙin ACT shi ne atemisinin, wanda Tu Youyou ta ƙasar Sin da abokan aikinta suka ciro daga wani ganye a 1972, aikin da ya sa ta samu lambar Nobel a 2015. Ana haɗa shi da wani magani na biyu domin wadda ta kuɓuce wa ɗaya, ɗayan ya kama ta. Amma a 2008 da 2009 aka tabbatar ya fara jinkirin aiki a yammacin Kambodiya, wurin nan dai na farko. Daga 2020 zuwa yau an ga irin wannan sauyi a Ruwanda da Yuganda da Eritiriya da Tanzaniya, kuma a wannan karon ba daga Asiya ya zo ba, a Afirka ya tsiro.

Abin da ya shafi gida

Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A Garki, wadda take Jihar Jigawa a yau, Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya sun yi gagarumin gwaji daga 1969 zuwa 1976, da feshin gidaje da rabon magani ga kowa. Cutar ta ragu ƙwarai, amma ba ta yanke ba, kuma da aka daina ta dawo. A shekarun 1970 kuma masana daga Liverpool da Jami'ar Ahmadu Bello sun yi dogon bincike kan maleriya da sauran cututtuka a ƙasar Malumfashi, maƙwabciyar Ƙanƙara. A Jihar Katsina ne aka fara, a 2013, rabon maganin rigakafin damina ga yara 'yan wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar, wata-wata. Wannan shi ne ra'ayin Bryson da Baikie, a sha kafin ciwo ya zo, amma yanzu ya iso ga waɗanda suka fi buƙata.

Najeriya ce take ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya. Idan ACT ya bi sawun kulorokwin, babu ƙasar da za ta fi mu jin jiki, kuma babu wani magani na gaba da ya riga ya wadata a kasuwa kamar yadda shi ya wadata. Yanayin da ya haifi matsalar a Pailin kuwa ba baƙo ba ne a kudancin Katsina: daji, jama'a masu kai da kawowa, ƙauyukan da rashin tsaro ya raba da ma'aikatan lafiya, da majinyatan da kuɗinsu bai kai na cikakken magani ba.

Saboda haka nauyin ya hau kan mutane sanannu. Ɗan kasuwar da yake saro magani daga Kano ko Funtuwa ya tabbatar da rajistar NAFDAC, kada arha ta ruɗe shi. Mai kemis kada ya yanka kati ya sayar da rabi. Magidanci ya nemi gwajin jini kafin saye, domin ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba, kuma idan an fara sha a kammala kwana ukun ko da jiki ya yi sauƙi a rana ta biyu. Wanda aka yi wa allurar atemisinin saboda ciwo ya yi tsanani, dole ya biyo ta da cikakken ACT na sha. Uwar da aka bar wa ragowar ƙwayoyin rigakafi na kwana biyu ta ba yaron da aka rubuta wa, kada ta raba wa 'yan'uwansa ko ta ajiye don gaba. Ma'aikacin gwamnati mai kula da sito kuma ya sani cewa kowane kwali da ya karkata daga asibitin ƙauye, wani ne zai cike gurbinsa da jabu.

Akwai dalilin kyautata zato. Malawi ta janye kulorokwin gaba ɗaya a 1993, kuma bayan shekara goma sha biyu aka gwada aka tarar ya dawo yana aiki, domin da aka daina tacewa, ƙwayoyi masu jin magani suka sake rinjaye. Wato abin da hannun mutane ya ɓata, tsari yana iya gyarawa.

Kwinin ya shekara 34 a hannun likitoci kafin Pleiad ta shiga Kwara, kuma Turawa suna ta mutuwa da shi a cikin akwati. Baikie bai ƙirƙiro magani ba. Abin da ya kawo shi ne ƙa'ida: adadin da ya dace, a lokacin da ya dace, kowace rana, har ƙarshe. Da ita ya fito da mutanensa duka da rai a 1854, kuma ita ce dai za ta yanke hukunci kan ko maganin da yake kantocin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a yau zai ci gaba da tayar da yara a damina mai zuwa.